'Yan Sittin da Uku: Tarihin Fanshon Sojojin Yaƙin Basasa

Idan mutum ya baro gadar Dangi ya bi titin Gidan Zu, ba zai yi nisa ba zai tarar da hanyar da ke shiga Hausawa, inda masallacin Murtala yake. A nan aka binne Janar Murtala Ramat Muhammad bayan an kashe shi a Legas ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976. Daga Gyadi-Gyadi tafiyar ƙafa ce. Ƙasa ba ta manta da shi ba: sunansa na kan babban filin jirgin saman Legas, hotonsa na kan takardar naira ashirin, babban asibitin cikin birnin Kano ma sunansa ya ci. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Sai dai ni duk sanda na bi ta wajen, waɗanda suke faɗo mini a rai su ne samarin da suka shiga jiragen fito a Asaba cikin watan Oktoban 1967 bisa umarninsa, da nufin haye Kogin Kwara su kama Anacha. Da yawansu ruwa ya ci. Waɗanda suka fito, wasu sun fito da ƙafa ɗaya, wasu da hannu ɗaya, wasu kunne ya tafi har abada. Labarin abin da ƙasa ta biya waɗannan mutane, da abin da ta hana su, shi nake son bayarwa.

Su kansu suna da sunan da suke gane juna da shi. Lambar aikin sojan da aka ɗauka a wancan zamani tana farawa ne da 63NA, shi ya sa a bariki har gobe idan aka ce wane ɗan sittin da uku ne, an san tsohon hannu ne wanda ya ga Biyafara da idonsa. Mu kuma a gari muna haɗa su da magabatansu na yaƙin Bama mu ce 'yan mazan jiya.

Kafin yaƙi, sojan Nijeriya gaba ɗaya bai fi mutum dubu goma ba. Bataliya ta biyar ce take zaune a Kano, kuma ita ce ta yi bore ranar 1 ga Oktoba, 1966, aka kashe Inyamurai a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. Wannan tabo ne a tarihin garinmu, kuma duk mai son ya faɗi gaskiyar yadda aka kai ga yaƙi dole ya ambace shi, kamar yadda zai ambaci kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa a watan Janairun shekarar. Ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi goma sha biyu, Kano ta sami jiharta, Audu Baƙo ya zama gwamna. Bayan kwana uku Ojukwu ya ayyana ƙasar Biyafara. Ranar 6 ga Yuli bindiga ta fara tashi a Gakem, ta wajen Ogoja.

Da farko gwamnati ta ɗauka aikin 'yan makonni ne, irin na 'yan sanda. Da sojojin Biyafara suka tsallaka suka mamaye jihar Tsakiyar Yamma a watan Agusta, har suka kai Ore a kan hanyar Legas, sai ido ya raina fata. Aka shiga ɗibar mutane ba ji ba gani. Aka kira tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin duniya na biyu, masu furfura, suka sake sa kaki. Aka buɗe ƙofa ga manomi da ɗan dako da ɗan kamasho da almajirin da ya ƙosa, rediyo na kiran maza, mawaƙa na zuga su. Horon da kurtu yake shafe watanni yana yi a Zariya aka dunƙule shi zuwa 'yan makonni, a koya wa yaro ɗana kunama da fareti, a zuba shi a jirgin ƙasa a yi Kudu da shi. Runduna ta biyu da aka damƙa wa Murtala haka aka harhaɗa ta cikin gaggawa, har da masu aikin ofis da masu dafa abinci. Kafin a gama yaƙi, sojan da bai fi dubu goma ba ya kai wajen dubu ɗari biyu da hamsin.

A riƙe wannan da kyau, domin a nan tushen matsalar yake. Ranar ɗauka babu wanda ya tambayi yaro takardar haihuwa. Da yawa ba su san shekarunsu ba, magatakarda ne ya dubi fuska ya rubuta abin da ya ga dama. Wani an rubuta sunansa da sunan garinsu, wani da sunan ubangidansa, wani an karkatar da harafi saboda mai rubutun bai ji Hausa ba. A lokacin babu wanda ya damu, ƙirji ake nema da kafaɗar da za ta ɗauki bindiga. Bayan shekara talatin, wannan harafin da aka karkatar shi zai hana tsoho kuɗinsa.

Ƙetaren Anacha shi ne abin da 'yan runduna ta biyu ba sa mantawa. Sojojin Biyafara sun riga sun karya gadar Kwara. Hedikwatar soja a Legas ta so Murtala ya zagaya ta Idah inda babu tsaro, shi kuma ya dage a kan ƙetarewa kai tsaye. Sau uku ana gwadawa, sau uku ana komawa da asarar rayuka mai yawa. Daga bisani ta Idah ɗin aka bi, aka kama Anacha a watan Maris na 1968. Kafin watan ya ƙare, a Abagana, aka yi wa ayarin motocin rundunar kusan ɗari kwanton ɓauna, tankar mai ta kama da wuta, wutar ta bi ayarin ta cinye. Ga kuma nakiyar nan ta gida da mutanen Biyafara suka ƙera, wadda suke kira ogbunigwe, da ake cusa wa ƙusoshi da gutsattsarin ƙarfe. Ita ta yi sanadin yanke ƙafafu da yawa. Ba zan ɓoye ba, a wannan Asaba ɗin ne kuma sojojin rundunar suka tara maza farar hula suka harbe ɗaruruwa ranar 7 ga Oktoba, 1967. Wanda ya yi wannan zai amsa a gaban Allah. Amma alhakinsa ba ya soke haƙƙin dubban da ba su taɓa farar hula ba, waɗanda abin da suka sani kawai shi ne an ce su tsaya a rami sun tsaya.

Ranar 15 ga Janairu, 1970, Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara a barikin Dodan da ke Legas. Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, ya kuma shelanta manufofi uku: sulhu, sake gini, da farfaɗo da waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita. Magana ce mai kyau, kuma ta hana ramuwar gayya da duniya ta yi tsammani. Ga nakasassun sojan tarayya akwai cibiya a Oshodi, can Legas, inda ake jinyarsu ana koya musu sana'ar hannu kamar ɗinki da kafinta da gyaran takalmi. A nan Kano asibitin ƙashi na Dala yana nan tun kafin yaƙi, ana yin ƙafar roba da sandar dogarawa. Wanda likitocin soja suka zauna a kansa suka tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba, ana sallamarsa da fanshon nakasa gwargwadon girman raunin. A takarda tsarin ba shi da aibu. Sai dai raunin da ake aunawa shi ne wanda ido ke gani. Mutumin da ya dawo ba ya barci, yana zabura idan tayar mota ta fashe, yana dukan iyalinsa ba dalili, ba a rubuta masa komai ba. A unguwa cewa ake yi ya taɓu, ko an ce jinin da ya gani ne yake binsa, a kai shi wajen malam a yi masa rubutu.

Sauran dubban da suka fito da gaɓoɓinsu, Gowon bai sallame su ba. Ana iya fahimtar dalilinsa: sakin mutum dubu ɗari biyu da suka saba da bindiga cikin gari a lokaci guda haɗari ne, ga kuma kuɗin mai ya fara shigowa, ana iya biyan albashi. Sai aka bar su, barikoki ba su ishe su ba, da yawa suna haya a cikin unguwanni, albashinsu yana cinye kaso mai tsoka na kasafin tsaro. Da Murtala ya karɓi mulki ranar 29 ga Yuli, 1975, ya naɗa Theophilus Danjuma shugaban sojan ƙasa, suka ɗaura aniyar rage yawan sojan. Tsoron wannan ragi yana cikin ƙorafe-ƙorafen da aka danganta da yunƙurin juyin mulkin Dimka wanda ya ci ran Murtala. Obasanjo da Danjuma suka ci gaba da aikin, kafin a miƙa wa Shagari mulki a 1979 an sallami dubun-dubata.

A ganina ragin ya zama dole, ƙasa ba za ta iya riƙe sojan yaƙi a lokacin zaman lafiya ba. Inda aka yi kuskure shi ne yadda aka yi lissafin sallamar. Dokar fanshon sojoji ta 1979, wadda ake kira doka ta 103, ta yi wa waɗanda suka yi yaƙin wata alfarma: kowace cikakkiyar shekara ta fagen daga, tsakanin 27 ga Mayu, 1967 da 15 ga Janairu, 1970, a ƙirga ta a matsayin biyu. Amma a lokacin da ake wannan sallama, sai mutum ya cika shekara goma sha biyar yake samun fansho na wata-wata. Wanda ya yi goma, garatuti kawai zai karɓa, a dunƙule, sau ɗaya. To mai karatu ya ɗauki alƙalami. Yaron da ya shiga a 1968 aka sallame shi a 1978 ya yi shekara goma. A ƙara masa biyu na yaƙi, ya zama goma sha biyu. Saura uku ya kai gaci, kuma ba shi ya zaɓi ranar tafiyarsa ba a mafi yawan lokuta. Su waɗanda aka ɗiba domin yaƙin, su ne ainihin waɗanda ma'aunin ya bari a waje. A 1992 aka sassauta, aka mai da fansho shekara goma, garatuti biyar, amma sassaucin daga shekarar ya fara aiki. Tun daga lokacin waɗanda aka sallama a ƙarshen shekarun 1970 suke kai gwauro suna kai mari. A 'yan shekarun nan ma an ga tsofaffinsu a Badun ɗauke da kwalaye, suna cewa sun haura shekara arba'in ba su ga sisi ba. Wannan shi ne a ci moriyar ganga a ya da kwaurenta.

Lokacin da aka gama yaƙi, Gyadi-Gyadi da Tarauni bakin gari ne, gonaki sun fi gidaje yawa. Cikin shekarun da ake sallamar sojojin nan ne birni ya taso ya haɗiye su: aka gina gidajen Kundila, Audu Baƙo ya riga ya kafa gidan zu, ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta yanka filaye ta hanyar Zariya da hanyar Maiduguri. Sabon gida mai katanga yana bukatar mai gadi, kamfani da banki da makaranta ma haka, kuma wa ya fi tsohon soja iya kwana a zaune? Duk wanda ya tashi a wannan yanki a shekarun 1980 ya san su. Dattijo a bakin get a kan benci, da tsohuwar rigar sanyi ta soja, da tocila da gora, da 'yar rediyo a kunne. Yara su ce masa Baba Soja, manya su ce Kofur ko Saje ko da bai taɓa ɗaura igiya ba. Garatutin da ya karɓa ya tafi tuntuni, wani ya yi aure da shi, wani ya sayi babur ko keken ɗinki, wani ya biya wa mahaifiyarsa Makka, wani kuwa 'yan damfara suka raba shi da shi cikin wata guda, domin mutumin da ya shiga soja yana ɗan sha takwas bai taɓa koyon juya kuɗi ba. Masu sa'a su ne suka sami shiga rundunar masu gadi ta Nigerian Legion, ƙungiyar tsofaffin sojoji da doka ta kafa tun 1964, ana tura su ofisoshi da kayan sarki, ana ba su ɗan abin da ya samu.

Abin da ya fi taɓa ni game da mutanen nan shi ne ƙarancin maganarsu. Ba kasafai za ka ji suna ba da labarin fagen daga ba. Sai dai idan hira ta yi daɗi wani ya ɗage ƙafar wando ya nuna maka tabo ya ce, nan Abagana ne, ya sauke. Mu kuma da muke yara ba mu san darajar tambaya ba.

Waɗanda suka sami fanshon ma ba su tsira ba. An ƙayyade shi ne a kan albashin ranar sallama, a zamanin da naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. A watan Satumba na 1986 gwamnatin Babangida, wanda shi kansa an harbe shi a yaƙin ta wajen Uzuakoli a 1969, ta karya darajar naira a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki. Farashin hatsi da magani ya yi sama, fansho yana nan inda yake. Kuɗin da a 1980 zai ciyar da gida wata guda, kafin 1995 bai fi cefanen 'yan kwanaki ba. Mai lafiya zai haɗa da gadi ko faci ko tura baro. Mai ƙafa ɗaya fa? Ƙafar roba tana lalacewa, dungulmin yana canza siffa da tsufa, dole a sake aunawa a sake yi, kuma kowane sauyi kuɗi ne. Nan ne wasu suka koma bakin masallatai da mahaɗar tituna, suka saje da sauran mabarata, babu mai sanin cewa wannan gurgun da ya miƙa wa naira biyar ya taɓa riƙe rami a Owerri.

Sai kuma tantancewa, kalmar da duk ɗan fansho yake jin faɗuwar gaba idan an ambace ta. Gaskiya ne an cusa sunayen bogi cikin jerin masu karɓar fanshon soja, an kuma yi ta cin kuɗin matattu. Amma ba Baba Soja ne ya cusa su ba, ba shi da hannun da zai kai ga fayil. Masu biro ne suka yi, shi kuma aka ɗora masa wahalar wanke kansa: ya zo da takardar sallama ta asali, da hoto, da shaidar banki, ya tsaya a layi a tabbatar yana numfashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Takardar da aka ba mutum a 1978, ya yi ta yawo da ita daga ɗakin haya zuwa ɗakin haya, gara ta ci, ko ruwan sama ya jiƙa, ko gobara ta lashe, idan ta ɓata shi ke nan ya zama kamar bai taɓa sa kaki ba. Idan tana nan kuma, sunan da ke jikinta ya saɓa da na katin banki da harafi ɗaya, sai a ce ya je ya yi rantsuwa a kotu ya dawo. Ofishin fanshon a Legas yake a da, daga baya ya koma Abuja, inda Hukumar Fanshon Sojoji take yanzu a Dutsen Alhaji. A farkon shekarun 2000 jaridu sun yi ta buga hotunan tsofaffin sojoji suna kwana a kan kwali a gefen titunan Ikoyi da na Abuja, wata da watanni, suna jiran a kira sunansu, wasu a nan ajali ya same su. Mutumin Tarauni da zai bi sawun haƙƙinsa sai ya ranci kuɗin mota ya hau a tashar Unguwa Uku, ya kwana a hanya, ya je a ce masa mai sa hannu ba ya nan.

Idan aka ce wannan ɓangaren ya sha wuya, to na ɗaya ɓangaren ya fi. Sojan Biyafara da ya nakasa ba shi da gwamnatin da zai kai wa kuka, domin wadda ta ɗauke shi ta rushe. A 1975 aka kwashe nakasassunsu daga Inugu aka kai su Oji River, kusa da mazaunin kutare, kuma shekaru da dama duk mai bin hanyar Inugu zuwa Anacha yana ganinsu a jere a kan kekunan guragu suna bara. Fataken Kano masu safarar shanu da albasa sun sha wuce su. A shekarar 2000 Obasanjo ya mai da korar da aka yi wa sojoji da 'yan sandan Nijeriya da suka koma ɓangaren Biyafara ta zama ritaya, abin da ya buɗe musu ƙofar fansho. Ojukwu kansa ya karɓi nasa a 2008, 'yan sandan kuma sai a 2017, zamanin Buhari, aka fara biyansu. Amma wannan afuwa ta shafi waɗanda dama suna cikin aikin gwamnatin Nijeriya ne kafin yaƙi. Yaron ƙauyen da aka kama a hanyar kasuwa a 1968 aka ba shi bindiga, shi ba ya cikin kowane lissafi. Idan aka sa shi kusa da takwaransa na Gyadi-Gyadi wanda ya harbe shi, za a ga talauci ɗaya ne ya ci su.

Ba mu kaɗai muka taɓa yin yaƙin basasa ba, kuma akwai abin dubawa a yadda wasu suka yi. Amurka ta yi nata daga 1861 zuwa 1865. Tun ana cikin yaƙin, a 1862, majalisarsu ta yi dokar biyan duk sojan tarayya da ya nakasa, da matan waɗanda suka mutu da marayunsu. A 1890 suka faɗaɗa ta: duk wanda ya yi kwana casa'in a soja aka sallame shi ba da wani laifi ba, idan ya kasa aikin ƙarfi, yana da fansho, ko da ba a yaƙi ya sami nakasar ba. Kwana casa'in, mu kuwa shekara goma sha biyar. A farkon shekarun 1890 fanshon nan yana cin kusan kashi arba'in cikin ɗari na kuɗin gwamnatin tarayyarsu. An yi maguɗi a ciki, 'yan siyasa sun yi amfani da shi wajen neman ƙuri'a, kuma sojojin Kudu da aka ci da yaƙi an bar wa jihohinsu ne su ba matalauta da nakasassu daga cikinsu ɗan abin da ba ya isa. Duk da haka sun ɗauki abin a matsayin bashi, suka yi ta biya har 2020, shekarar da Irene Triplett ta rasu, 'yar wani sojan wancan yaƙi, wadda take karɓar dala 73 da 'yan kai duk wata.

Mu ma ba sai mun je Amurka neman misali ba. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, shi ya kafa diwani, rajistar da aka rubuta sunayen mayaƙa da iyalansu aka yanka musu rabo daga baitulmali duk shekara, ya kuma fifita mutanen Badar saboda sun riga kowa. Hukuma ce ta ɗauki nauyin rubuta sunan da adana shi. Ba a ce wa wanda ya halarci Badar ya kawo shaidar cewa ya je ba.

Ba zan ce ba a yi komai ba. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 173, ya wajabta a riƙa duba fansho duk shekara biyar, ko duk sanda aka ƙara albashin ma'aikata. Da aka kawo tsarin fansho na adashi a 2004 an sa sojoji a ciki, suka koka, aka fitar da su a 2011, gwamnati ta ci gaba da biyansu kai tsaye. Yanzu kuɗi ta banki yake shiga, kuma waɗanda sunansu ke cikin rajista sun fi samun biya a kan kari fiye da shekarun baya. Akwai kuma inshorar lafiya ta tsofaffin sojoji. Sai dai kusan kowane ƙari sai an yi zaman dirshan kafin ya fito. Ƙarin da aka yi a 2010 an shafe shekaru ana bin ariyas ɗinsa, kuma a watan Janairun 2025 tsofaffin sojoji sun sake toshe ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja da tabarmi da kujeru. Duk wannan kuma na waɗanda ke cikin rajista ne. Wanda ma'aunin 1979 ya zubar, ko wanda takardarsa ta ɓata, ko matar da mijinta ya rasu ba ta san inda ake zuwa ba, ƙarin kashi nawa ne ma bai shafe su ba.

Duk ranar 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya. An ɗauke shi ne daga 11 ga Nuwamba na Turawa aka mai da shi ranar da yaƙinmu ya ƙare. Ana ajiye furanni, a saki tattabaru, manya su sayi tambarin tunawa da kuɗi masu yawa, a raba wa zawarawa buhunan shinkafa a gaban kyamara. Ina girmama ranar. Amma shinkafa kyauta ce, ana iya bayarwa ana iya hanawa, kuma mai karɓa sai ya durƙusa ya yi godiya. Fansho kuwa ladan aikin da aka riga aka yi ne, sauran kuɗin jinin da aka riga aka zubar. Mai bin bashi ba ya durƙusawa, kuma muddin ana haɗa biyun nan a ka, za a ci gaba da ganin tsohon da ya nemi haƙƙinsa kamar mai roƙo.

Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara goma sha takwas a 1967 yau ya haura saba'in da biyar. Kaɗan ne suka rage, kuma kowane sanyi yana tafiya da wasu. Biyan waɗanda aka sallama da shekara goma ba zai girgiza baitulmalin Nijeriya ba, abin da ake bukata gyaran doka ne na 'yan layuka, kuma 'yan majalisar da muke zaɓa daga Tarauni da sauran Kano suna da bakin da za su kawo shi. Gwamnatin jiha ma tana iya ɗaukar nauyin jinyarsu da ƙafafun robarsu ba tare da jiran Abuja ba, ga asibitin Dala, ga na Malam Aminu Kano a kan hanyar Zariya, a ƙofar Gyadi-Gyadi.

Kai kuma mai karatu, idan akwai ɗan sittin da uku a layinku, ko matar da ya bari, ka je ka gaishe su. Ka tambayi takardar sallamar, ka ɗauki hotonta da wayarka kafin ta ƙarasa yagewa, ka duba ko sunan ya dace da na banki, ka raka shi ofishin Legion idan ƙafarsa ba za ta kai shi ba. Idan ya yarda ya yi magana, ka zauna ka naɗi muryarsa, ka tambaye shi bataliyarsu, da wanda ya ɗauko shi ranar da aka harbe shi, da sunayen waɗanda suka shiga jirgin fito tare ba su fito ba.